Cigiyar da ta haura shekara 30: ta ina ake sake tayar da ita?

Abu Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani labari ne ya sa na kawo wannan tambaya. A 1992 an tsinci gawar wata mata a kogi a birnin Antwerp na Beljiyam, aka rasa wanda ya santa. A watan Mayun 2023 hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta fitar da bayanan mata 22 da aka tsinta haka a Beljiyam da Holan da Jamus, ta roƙi jama'a su duba. Wani daga cikin dangin matar Antwerp ɗin a Birtaniya ya ga hoton zanen fure na tattoo da ke hannunta ya gane shi, kafin shekarar ta fita an tabbatar da ko wace ce, bayan shekara 31.

Mu a nan da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da irin wannan ciwon: wanda ya tafi cin rani kudu shiru, almajirin da aka kai gabas, yaron da ya ɓace a tasha, wanda rikici ya rutsa da shi, wanda ya kama hanyar Libiya ko ta Makka. An yi cigiya a rediyo, an zaga asibitoci, an gaji an bar wa Allah. Idan iyali suna so su sake ɗaukar maganar yau, me za su fara yi, wa za su tunkara, kuma gwajin DNA da ake ta faɗa yana da amfani a wurinmu ko sai a Turai? Don Allah wanda ya san aikin ya yi mana dalla-dalla.

Ɗan Zazzau:

Wa'alaikumus salam Malam Abu Sadiƙ. Kada a fara da Facebook, kada kuma a fara da caji ofis. A fara da tsofaffin gida, domin duk abin da ake bukata yana kansu, kuma kullum raguwa suke yi.

A zauna da kowa shi kaɗai: mahaifiya, ƙanwar uba, matarsa idan ya yi aure, abokin da ya raka shi tasha. A kunna rikodin waya a bar mutum ya yi ta ba da labari, ba a katse shi, ba a ce masa "ai Inna ta ce ranar Juma'a ce". Idan aka tara su a ɗaki guda, mai ƙarfin murya ne zai kafa labarin, sauran su bi shi, ƙaramin bayanin da mutum ɗaya ya riƙe kuwa ya salwanta. Wajen rubutawa a raba abu biyu: abin da mutum ya gani da idonsa, da abin da aka gaya masa. "An gan shi a Fatakwal" ba bayani ba ne sai an san wa ya gan shi, a wace unguwa, sun yi magana ko hango shi ya yi daga cikin mota. Iyalai da yawa sun ƙarar da kuɗinsu a garin da tushen zancensa hangen mutum ɗaya ne.

Shekarar ɓatan ita ce wurin da aka fi yin kuskure. Tsofaffi ba sa riƙe lamba, abin da ya faru suke riƙewa, to da shi za a kamo shekarar. Kafin rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ne ko bayansa? An yi canjin kuɗi na 1984? An yi ƙidayar 1991? A Nijar a tambaya ko Kountché ya hau mulki, watau 1974, ko lokacin farin 1984 ne. Sai a ƙara da na cikin gida: goyon wa ake yi, da azumi ne ko da kaka. Kuskuren shekara biyu ya isa ya sa a buɗe rajistar da ba ita ba a asibiti ko gidan yari, a ce babu sunansa.

Sannan sunaye. A rubuta na yanka, da laƙabin gida, da wanda abokai ke kiransa, da duk yadda ma'aikaci zai iya rubuta shi: Muhammadu, Mohammed, Mamman, Mahamadou idan ya bi ta ƙasar Faransanci. Mutanenmu a waje sukan ɗauki sunan gari, Musa Kano ko Sani Sokoto, ko da kuwa ɗan wani ƙauye ne mai nisan kilomita 100 daga can.

Alamomin jiki a rubuta su da gefensu da adadinsu. Ba "yana da tsaga" ba, a ce bille ɗaya a kuncin hagu, ko 'yar baka uku kowane gefe. Wushirya, haƙorin da ya karye, tabon sakiya ko na ƙuna, karayar da aka yi wa ɗori, ɗan yatsan da ya lanƙwashe, bahago ne ko a'a, yana in'ina ko a'a. Fuska tana sauyawa a shekara 30, waɗannan ba sa sauyawa. Matar Antwerp ɗin ma ai alama ce ta fito da ita.

Idan wannan ya kammala, shafi biyu ko uku, sai a je babbar kotu a yi takardar rantsuwa, a rubuta koke zuwa ga kwamishinan 'yan sanda na jihar da aka yi ganin ƙarshe, ba jihar da iyali suke zaune ba. A kai kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi gida, a karɓi sunan jami'in da aka miƙa wa aikin. Kada a sa rai za a tarar da tsohon rahoton 1989 a ofishin da aka kai shi, sau tari littafin ya lalace ko an sauya gini, saboda haka a ɗauka sabon fayil ake buɗewa. A cikin koken a nemi abu takamaimai: a duba sunan a rajistar NIN da ta BVN da ta masu zaɓe, a aika sigina gidajen gyaran hali da asibitocin ƙwaƙwalwa na yankin. Iyali ba za su iya duba waɗannan rajistoci da kansu ba, sai hukuma ta nema. Mutumin da yake raye yau, yana da layin waya ko asusun banki, akwai kyakkyawan zato ya bar sawu a ɗayansu. Koken da ya ce "a taimaka a nemo mana shi" kawai, a durowa yake kwana.

A naɗa mutum ɗaya a gida mai riƙe fayil, ya riƙa leƙawa kamar duk wata uku da takardar tuni, domin jami'ai ana yi musu canjin wurin aiki, wanda ya zo bai san da zancen ba.

Maman Hanif:

Malam Ɗan Zazzau ya gama magana kan takarda. Bari in ɗauki ta DNA, domin ana yawan fahimtarta a baibai.

Gwajin ba ya nemo mutum. Kwatanta abu biyu yake yi. Dole a sami samfurin dangi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma samfurin wani mai rai da ake zato, ko na gawar da ba a gane ba. Inda aka binne gawa ba a ɗauki komai a jikinta ba, ba a kuma rubuta inda kabarin yake ba, babu abin da za a kwatanta da shi ko da dangi duka sun ba da jini. Wannan shi ne babban giɓinmu. Inda aka haɗa hannayen biyu kuwa, sakamakon ba ƙarami ba ne. A Srebrenica ta Bosniya an kashe maza da samari kimanin 8,000 a Yulin 1995, aka kuma tone kaburburan da manyan motoci aka sake binne su a wasu wurare don ɓoye laifi, har ƙasusuwan mutum ɗaya kan rabu a ramuka daban-daban. Hukumar ƙasa da ƙasa mai neman mutanen da suka ɓace, ICMP, da aka kafa a 1996 ta bi iyalai tana karɓar ɗigon jini, ta kwatanta da ƙashi, an gane kusan 7,000. A Shikago ta Amurka kuma, a 2011 ofishin shugaban 'yan sandan gunduma ya sake buɗe batun gawarwaki takwas da ba a gane ba cikin samari 33 da John Wayne Gacy ya kashe a shekarun 1970, ya yi kira ga duk iyalin da ɗansu ya ɓace a lokacin su kawo yawu. An gane uku daga ciki, a 2011 da 2017 da 2021, kuma a sanadin kiran aka tarar da wasu da aka fid da rai da su suna nan da ransu a wasu jihohi.

To wa ya kamata ya ba da samfur? Uwa da uba tare sun fi kowa. Idan ɗaya ne ya rage, a ɗauki nasa yau, ba sai an sami wanda ake zato ba. Bayansu sai 'ya'yan wanda ya ɓace tare da mahaifiyarsu. Mutane kan yi mamakin me ya kawo matar tunda ba jininsa ba ce. Dalilin shi ne idan aka cire rabin da yara suka gada daga gare ta, abin da ya saura nasa ne zalla. Sai shaƙiƙai, biyu ko uku sun fi ɗaya nesa ba kusa ba.

A nan ne gidajenmu ke da tarko. Shaƙiƙai suna tarayya a kusan rabi, 'yan uba kuwa kusan rubu'i ne kawai. Idan aka rubuta wa ɗakin gwaji "ɗan uwansa" alhali ɗakinsu daban, lissafin zai fita ba daidai ba, har a kore mutumin da shi ne. A zana musu bishiyar dangi, a nuna wa ya haifi wa, a kuma faɗa musu idan iyayen auren zumunci suka yi, domin hakan na ƙara kamannin jini tsakanin dangi, ɗan baffa ya yi kama da ɗan uba a takarda. Akwai gwaji biyu na taimako idan makusanta sun ƙare: na layin uwa, wanda ɗan 'yar uwarsa mace ko kawunsa za su iya bayarwa, da na layin maza, wanda baffa ko ɗan baffa zai bayar. Amma su zuri'a suke nunawa, ba sa bambance wa da ƙane.

Yadda ake ɗauka ba wuya. Mutum ya yi rabin awa bai ci ba, bai sha ba, bai ci goro ba. A goga tsinken auduga mai tsabta a cikin kunci kamar daƙiƙa 30, tsinke biyu, ɗaya kowane gefe. A bar su su bushe a inuwa kamar awa ɗaya, a sa a ambulan na takarda, a rubuta suna da kwanan wata da dangantaka. Kada a sa a leda: danshi na kawo fumfuna, ta cinye samfurin. Sai dai wanda aka ɗauka a gida kotu ba ta aiki da shi, kuma zafin ƙasarmu ba ya barinsa ya daɗe. Abin da ya fi shi ne a je ɗakin gwaji, su ɗauka da shaidar hoto da katin shaida, a ce musu ana son su buga cikakken jerin lambobin a takarda, na wurare 20 ko fiye, ba kawai "e" ko "a'a" ba. Wannan jerin ba ya tsufa, kowane ɗakin gwaji a duniya zai iya karanta shi bayan mai shi ya rasu.

Idan ana zaton ya rasu a ƙasar waje, tun 2021 Interpol na da rumbun da ake kira I-Familia, inda ake kwatanta DNA na dangi da na gawarwakin da ba a gane ba a ƙasashe. Ba a aikawa kai tsaye, ta hannun 'yan sanda ake bi zuwa ofishin Interpol na ƙasa, na Najeriya yana Abuja. Ta nan ne kuma ake neman sanarwar ɓata mai launin rawaya.

Abu na ƙarshe, kuma a yi shi kafin a je: gwajin kan fito da abin da ba a tambaya ba game da nasaba. A tsai da mutum ɗaya mai riƙon amana da zai karɓi sakamako.

Abu Sadiƙ:

Allah ya saka da alheri, Hajiya. To wanda aka ɗauke yana ɗan shekara uku ko huɗu fa? Ba NIN da sunan da muka sani, hoton da ke hannu na jariri ne, shi kansa mai yiwuwa bai san ana nemansa ba.

Bagobiri:

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a zauren nan, kuma amsarta a juya cigiyar. Maimakon "wa ya ga yaron nan", a yi magana da babban mutumin da yaron ya zama.

'Yan Ajantina ne suka koya wa duniya wannan. A mulkin soja na 1976 zuwa 1983 an ƙwace jarirai kimanin 500 daga iyayen da aka tsare aka kashe, aka ba wasu gidaje. Kakanninsu mata suka kafa ƙungiyar Abuelas de Plaza de Mayo a 1977, suka matsa har aka kafa rumbun DNA na ƙasa a 1987, kakanni suka ajiye jininsu a ciki. Da yaran suka girma, sai kiran ya koma: idan an haife ka a waɗannan shekaru kuma kana kokwanton asalinka, ka zo. An gano sama da 130. Jikan shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, shi da kansa ya je ya ba da jini a 2014, yana da shekara 36. Haka wata jaririya da aka sace a wani asibiti a New York a 1987: da ta girma ita ce ta shiga shafin intanet na yaran da suka ɓace, ta ga hoton jaririyar da ta yi kama da 'yarta, aka tabbatar a 2011.

Saboda haka a rubuta abin da yaro ɗan shekara huɗu zai iya riƙewa. Sunan da mahaifiyarsa ke kiransa da shi, sunan yayarsa mai goya shi, rijiya ko bishiyar ƙofar gida, layin dogo idan akwai, sana'ar uban, waƙar da ake yi masa. A fassara zuwa harshen inda ake zaton an kai shi. Yara tara da aka sace a Kano aka gano su a Anambra a 2019, an sauya musu suna, wasunsu Hausar ta fara kuɓuce musu, alhali shekaru kaɗan kawai suka yi a can. Wanda ya yi shekara 30 kada a sa ran cigiyar Hausa za ta kai gare shi. Ko babba ne ya tafi, a kai cigiyar inda ya nufa: sarkin Hausawa na Sabo a Ibadan, zangon Kumasi, shugabannin tasha da na kara, unguwannin Hausawa a Sudan ga waɗanda suka bi hanyar Makka ta ƙasa. Yawanci a garinsu ake ta maimaita ta, wurin da kowa ya riga ya sani.

Batun hoto. A yi sikanin na asali da ma'aunin kyan hoto na 600 dpi, gaba da baya, domin hatimin mai hoto a baya kan ba da gari da shekara. Don Allah kada a sa shi a manhajojin nan masu gyara tsohon hoto su sa masa launi. Ba tsohuwar fuskar suke fito da ita ba, sabuwa suke ƙirƙira, su goge tabo, su daidaita hanci. Hoton tsufantarwa na gaskiya mai zane ne ke yin sa da hotunan uwa da uba da 'yan uwa a shekarun da mutumin ya kai yanzu. Cibiyar yaran da suka ɓace ta Amurka tana sabunta nata duk shekara biyu har yaro ya kai 18, daga nan duk shekara biyar. Kullum a jera shi da na asali, a rubuta cewa kwatance ne. Idan ba mai yi, a sa hoton shaƙiƙinsa na yanzu da izininsa, ya fi na manhaja.

Sai 'yan damfara, kuma tabbas za su kira. A sayi layi na musamman don cigiyar. A ɓoye alama biyu ko uku, ba a faɗe su a rediyo ko intanet, da su za a gwada mai kira: shi zai faɗa, ba ku za ku tambaye shi "yana da tabo a ƙafa?" ya ce e ba. Kada a tura kuɗin mota ko na asibiti kafin a ga mutum a kiran bidiyo. Haɗuwa a yi ta a fadar mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Kuma kada a kai wa mahaifiya labari sai an tace, domin dattijuwar da ta yi shekara 30 tana jira za ta iya rungumar wanda ba nata ba, raba su daga baya kuwa ya fi ɓatan farko ciwo. A nan gwajin da Hajiya ta yi bayani yake da cikakken amfani a ƙasarmu.

Maman Hanif:

Na yarda da Malam Bagobiri, sai ƙari ɗaya. Wasu za su ce a sayi gwajin asali na kamfanonin Amurka a aika yawu, tunda da irinsa aka gane yaron da aka tsinta a kwali a Philadelphia a 1957, sai a 2022 aka san sunansa. Wannan hanya tana aiki ne idan dangin nesa sun riga sun shiga rumbun, kuma mafi yawan waɗanda ke ciki 'yan asalin Turai ne. Ga wanda ake zaton yana Turai ko Amurka ko ya haihu a can, ya cancanci kuɗinsa. Ga wanda ake nema tsakanin Gusau da Onitsha, a kashe kuɗin a rediyo.

Malam Na Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ke hana gidaje da yawa taɓa maganar nan, shi ne tsoron abin da zai biyo baya game da aure da gado. Gara a san hukuncin.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, idan ba a sami labari ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure idan ta so. A lura, ba daga ranar da ya fita ake ƙirgawa ba, sai bayan an kai maganar gaban alƙali. Mata nawa suka yi shekara 15 a zaune saboda ba wanda ya kai su kotu. Idan kuma bai bar mata abin ci ba, tana da damar neman rabuwa saboda rashin ciyarwa ba tare da jiran shekara huɗun ba. Wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko aka kama shi yana da nasa hukuncin daban, alƙali ne zai duba wane ne ya dace.

Dukiyarsa kuwa ba a raba ta da cikar shekara huɗu. Ana jira sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su, abin da ya fi shahara 70 daga haihuwarsa, wasu malamai sun ce 75 ko 80. Idan mahaifinsa ya rasu a tsakani, ana ajiye kason da ake shakka a kansa. Kuskuren da ake yi shi ne a raba gona a cinye rabonsa da baki kawai, ranar da ya dawo ko ɗansa ya bayyana sai rigima ta tashi. A rubuta, a sa shaidu, a damƙa wa amintacce.

A ɓangaren dokar ƙasa, sashe na 164 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya ce wanda aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba daga waɗanda ya kamata su ji, ana ɗaukarsa ya rasu sai an kawo hujjar akasin haka. Amma dokar ba ta ƙayyade ranar rasuwar ba, mai da'awar rana shi zai kawo hujja. Da hukuncin kotu ake buɗe maganar fansho da asusun banki. Kuma wannan hukunci bai hana ci gaba da nema ba, ba kuma yanke ƙauna ba ne. Fayil ɗin da Malam Ɗan Zazzau ya ce a haɗa, shi ne dai alƙali zai nema a matsayin shaidar an bincika.

Hajiyar Diffa:

Ba a ambaci Red Cross ba, kuma ga wanda rikici ko gudun hijira ko hanyar ci-rani ta ƙetare ta raba da gida, nan ce ƙofar farko. Ana zuwa reshen Red Cross na jiha ko ofishin ICRC, watau kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, a cike takardar neman dangi, kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi da sunansu ɓarawo ne. A 2019 ICRC ta ce tana da sunayen kusan mutum 22,000 da ake nema a Najeriya, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Tsufan magana ba ya hana karɓa, cibiyarsu ta Jeniba har yau tana amsa tambayoyi kan mutanen yaƙin duniya. Abu biyu a sani. Ba kowace ɓata suke ɗauka ba, wanda ya yi fushi ya bar gida ba aikinsu ba ne. Sannan idan sun same shi da rai, sai ya yarda kafin su faɗi inda yake. Yana iya zaɓar ya aiko da saƙo kawai, a shirya wa hakan.

Idan kuwa jami'an hukuma ne suka tafi da shi, hanyar ta bambanta. A rubuta rana, wuri, irin kaki, lambar mota idan an riƙe, sunan rundunar da ke yankin a lokacin, da waɗanda aka kama tare da shi aka sako, domin su ne shaidu mafi ƙarfi. A kai wa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da lauya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da kwamitin aiki kan ɓatar da mutane tun 1980, iyali na iya aika masa kai tsaye, kuma fayil ba ya rufuwa sai an san makomar mutumin. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar hana ɓatar da mutane ta 2006.

Kada a ce takardun hukuma sun tafi har abada. A Cadi, bayan faɗuwar shugaban ƙasa Hissène Habré a 1990, Souleymane Guengueng, wanda shi ma ya sha ɗauri, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya tara bayanan mutum sama da 700 da gwamnatin ta zalunta ya ɓoye. A 2001 masu bincike na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka tarar da takardun 'yan sandan asiri na DDS zube a ƙasa a tsohon ofishinsu a Njamena, ciki har da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Iyalan da suka riga suka rubuta suna da ranar kamu su ne suka iya haɗa nasu da abin da ke cikin takardun, kuma da su aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016.

Ranar 30 ga Agusta ita ce ranar tunawa da waɗanda suka ɓace ta duniya. Gidajen rediyo da jaridu suna neman irin wannan labari a makon, saboda haka a kai musu shafi ɗaya da hoto tun farkon watan. Iyalai biyar da suka haɗu sun fi samun fili a kan iyali ɗaya.

Malam Abu Sadiƙ, wajen cike takardar Red Cross a ba da lambar waya biyu ko uku, har da ta wani matashi a gidan, da kwatancen gida da sunan mai unguwa. Duk lokacin da aka sauya layi ko aka tashi, a koma a sanar da su da lambar fayil ɗin. Yana faruwa a sami wanda ake nema, a juyo a rasa mai neman.